Mai Gadi a Cikin Mai

Ni makanike ne a Bagalam, na san tsatsa.
Na ga yadda take cin ƙarfe ba haƙori,
ta fara da ɗigo ja a gindin ƙusa,
kafin damina biyu ta huda amalanke.
Ba gara ba ce, ba wuta ba,
iskar nan ce dai da muke shaƙa.

Shi ya sa ranar da ƙanwata Barira
ta dawo daga lakwal, littafi a hammata,
ta ce, "Yaya, jiki ma yana tsatsa,"
na ajiye sufana, na goge hannu a riga.

Inna Tsahara na tsakar gida tana murza tunkuza,
gyaɗar da aka auno daga Jiratawa,
mai na tsattsafowa tsakanin yatsunta
kamar zufar Gulbi a ƙarshen rani.

Barira ta ce: numfashi murhu ne,
yana dafa tuwon da ka ci ya zama ƙarfi,
amma ba murhun da ba ya tartsatsi.
Kowane tartsatsi kuwa da giɓinsa yake fitowa,
kamar wanda ya fito sallar Juma'a
ya tarar ba warin takalminsa.
Ba ya tambaya. Ya zura ƙafa a na maƙwabci.
Maƙwabci ya fito, ya ɗauke na liman,
liman ya ɗauke na ladan,
kafin la'asar ƙofar masallaci ta rikice,
kowa ɓarawo, kowa an yi masa sata.

Haka ake yi, in ji ta, a katangar ƙwayoyin jiki,
don katangar da maiƙo aka gina ta,
shi kuwa maiƙo bai iya riƙe kayansa ba.

Sai wani mutum guda a cikin sahu,
shiru-shiru, ba a san shi da magana ba,
ya tuɓe nasa ya miƙa: "Ungo, tafi."
Ya tsaya ƙafa a ƙasa, bai taɓa na kowa ba.
Nan rigimar ta mutu.
Sunansa bitamin E. A cikin mai yake kwana.
In ka sha lemun tsami ko ka ci gwaiba,
ɗan'uwansa na ruwa ya kawo masa wani wari,
ya koma bakin ƙofa.

Na ce, to gobe zan sayo ƙwayarsa kwalba guda.
Ta ce, "Wa ya aike ka?
Gishiri ma in ya yi yawa miya ta ɓaci.
Ga gyaɗa, ga riɗi, ga ganyen zogale.
In ba likita ya rubuta ba, bar kuɗinka."

Inna ba ta ɗago kai ba.
Ta mulmula ƙuli, ta jefa a kasko,
ta ce, "Ni ban san baƙinku ba.
Na dai san man da ya kwana a rana yana sāke wari,
wanda aka soya sau biyar kuma ya mutu,
ko jikan maƙiyina ba na zuba wa.
Ashe mai gadin ne ke gajiya."

Na dubi hannunta, duk tamoji.
Shekara arba'in a cikin mai, tsufa bai fasa zuwa ba.
Barira ta gane. Ta ce, "Ba ya korar shekaru, Yaya.
Ɓarna kawai yake ragewa."

Yanzu in na ɗiga wa sarƙar babur baƙin mai,
sai in laluba aljihu in watsa gyaɗa a baki,
in tuna da mutumin nan da ban taɓa gani ba,
tsaye a ƙofar jikina tun asuba,
ƙafarsa ɗaya a kan rairayi mai zafi.